Kurkunu ya tafi, tsagiya na nan: fashin baƙi kan tsutsotsin jikin mutum da maganinsu

A kemis ɗin bakin layinmu, da wuya a wuni ba a ji wani ya ce, "Malam, ba ni maganin tsutsa" ba. Wata uwa ce ta ga yaronta yana ci ba ya ƙiba, ko magidancin da cikinsa ke ƙugi da dare, ko matashin da yawu ke tarar masa a baki da safe. Mai kemis ya ɓallo ƙwaya ɗaya, a biya, a tafi. Sau da yawa akan dace. Amma kalmar nan "tsutsa" da muke faɗa a dunƙule ta haɗa halittun da bambancinsu ya kai na akuya da kifi. Kowace da ƙofar da take shigowa, da inda take zama a jiki, da maganin da yake kashe ta. Ƙwayar da ke kashe wata, ko gezau wata ba za ta yi ba.

Hausa ma ta san da wannan bambancin tun tuni. Muna da macijin ciki, muna da tsila, da tsagiya, da kurkunu, da tundurmi, da gwaiwa. Kakanninmu sun raɗa wa kowace cuta sunanta, ko da yake ba duka suka san tsutsa ce ke kawowa ba. Mai fitsarin jini bai taɓa ganin tsutsa a fitsarinsa ba, mai kumburarriyar ƙafa ma haka, to ta ina za su zarge ta?

Akwai abu ɗaya da in mutum ya riƙe shi, sauran bayanin zai zo masa da sauƙi. Yawancin waɗannan tsutsotsi ba sa hayayyafa su ƙaru a cikin jikin mutum yadda ƙwayar zazzaɓin cizon sauro ke yi. Suna zuba ƙwai, amma dole ƙwan ya fita waje, ya shiga ƙasa ko ruwa ko jikin wata halitta, ya nuna, sannan ya dawo. Ke nan yaron da ke da tsutsa ɗari a cikinsa, ɗarin nan daga waje suka shigo masa, ɗaya bayan ɗaya. Magani yana share na ciki. Ba ya rufe ƙofa.

Na ƙasa: macijin ciki da 'yan uwansa

Waɗanda suka fi yawa su ne masu bi ta ƙasa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum biliyan 1.5 ke ɗauke da su, wato kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen duniya. Babbansu shi ne macijin ciki. Macen takan kai santimita 35, kuma a rana ɗaya tana iya zuba ƙwai kimanin 200,000 a cikin hanji. Ƙwan yana fita da kashi. In a fili aka yi bayan gida, sai ya kwanta a ƙasa mai laima na 'yan makonni ya nuna, kuma ɓawonsa na da taurin da zai iya shekaru a ƙasar yana jira. Daga nan hannun yaro mai rarrafe ya ɗauko shi, ko latas da kabeji da karas da aka yi wa ban-ruwa da ruwan kwata, ko ruwan rijiyar da ba ta da murfi.

Abin da ke faruwa bayan an haɗiye shi yana da ban mamaki. Ƙwan ya ƙyanƙyashe a hanji, 'yar tsutsar ta huda bangon hanjin ta shiga jini, ta bi ta hanta, ta isa huhu, ta hauro maƙogwaro, mutum ya sake haɗiye ta bai sani ba, sannan ta zauna a hanji ta girma. Shi ya sa wani lokaci yaro ke fama da busasshen tari da shessheƙa, a yi ta ba shi maganin tari, alhali baƙi ne ke wucewa ta huhunsa. In suka yi yawa sukan cure su toshe hanjin ƙaramin yaro, har sai an kai ga tiyata.

Ta biyun ita ce tsutsa mai ƙugiya, kuma a ganina ita ce ta fi cutar da mu a ɓoye. Ba ta buƙatar baki. 'Ya'yanta suna cikin ƙasa mai danshi, sai su huda fatar ƙafar wanda ke tafiya ba takalmi, musamman tsakanin yatsu. In ta isa hanji sai ta kafa baki a bango tana tsotsar jini. Abin da guda ɗaya ke sha a rana kaɗan ne ƙwarai, amma ɗaruruwa ne, kullum, shekara da shekaru. Sai ka ga yaro ya yi fari fat, tafin hannunsa ba ja, yana gyangyaɗi a aji, malami na ce masa malalaci. Ga mai ciki abin ya fi muni, domin ita da ma jininta na raguwa, ga zazzaɓin cizon sauro, ga wannan. Irin macen da za ta zo haihuwa da ɗan jinin da ba zai jure zubar ko kaɗan ba ke nan. Kuma ƙarancin jinin ne yake sa wasu kwaɗayin cin farar ƙasa ko ɓantarar bangon ɗaki, wanda shi kuma yana iya ƙara shigo da ƙwan macijin ciki.

Ta ukun, mai kama da bulala, tana zama a babban hanji. In ta yi yawa tana kawo gudawa mai jini, har duburar yaro ta zazzago, a ce basir ne.

A nan ne ƙwayar mai kemis take aiki. Albendazol mai miligiram 400, ko mebendazol mai 500, ƙwaya ɗaya tak, a tauna. Yaron da ke tsakanin shekara ɗaya da biyu rabin albendazol ake ba shi, a murƙushe a ruwa don kada ta shaƙe shi. Ƙasa da shekara ɗaya ba a ba shi sai da likita. Mai ciki tana iya sha bayan wata uku na farko sun wuce. Maganin yana hana tsutsar cin abinci ne, sai ta mutu a hankali ta fita da kashi, galibi ba a ma ganinta. Don haka rashin ganin tsutsa bayan an sha ba ya nufin maganin jabu ne. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce, inda kashi 20 cikin ɗari na yara ke da su, a ba duk yaran wurin sau ɗaya a shekara ba tare da gwaji ba, inda kuwa ya kai kashi 50, sau biyu. Dalilin shi ne gwajin ya fi maganin tsada, maganin kuma ba shi da wata illa ta a zo a gani. Kamfanonin GSK da Johnson & Johnson suna bayar da waɗannan ƙwayoyi kyauta don rabawa a makarantu.

Sai dai ƙwaya ɗayar ba ta yi wa ukun daidai. Macijin ciki tana gamawa da shi kusan kakaf. Mai ƙugiya, albendazol ya fi mebendazol tasiri a kanta. Mai bulala kuwa ƙwaya ɗaya ba ta cika kawar da ita ba, sai an sha na kwana uku ko an haɗa da ibamektin. Ga kuma babbar matsalar: yaron da aka ba magani yau, in ya koma tsakar gidan da ƙasarta ke cike da ƙwai, kafin shekara ta zagayo ya kusa komawa gidan jiya.

Bari in ɗan ratse, don akwai maganar da nake yawan ji. Ana cewa shan zaƙi ne ke kawo tsutsa, a hana yaro alewa da rake. Zaƙi yana lalata haƙori, wannan gaskiya ne, amma sukari bai taɓa haifar da tsutsa ba. Tsutsa daga ƙwai take. Gara a bar masa raken a wanke masa hannu da sabulu, a yanke masa farce.

Akwai wata 'yar ƙaramar ta ƙasa da ta saɓa wa ƙa'idar da na faɗa a sama, domin ita tana iya sake haihuwa a cikin jiki, ta zauna shekaru da dama shiru. Haɗarinta yana fitowa ne ranar da garkuwar jiki ta faɗi, musamman in mutum na shan magungunan nan irin su dezametazon. Sai ta bazu ko'ina har ta yi kisa. Duk lokacin da na ji 'yan mata na sayen "sha ka fashe" don su yi ƙiba, wannan na cikin abubuwan da ke faɗo mini a rai. Ita ibamektin ne maganinta, albendazol ɗaya bai isa ba.

Tsila kuma ta nama ce. Saniya ta ci ciyawar da kashin mutum ya ɓata, 'ya'yan tsutsar su kwanta a tsokarta kamar ƙwayar shinkafa, mutum ya ci tsire ko balangun da wuta ba ta ratsa cikinsa ba. Tana iya kai mita biyar ko fiye a hanji, tana sako gaɓoɓi farare masu motsi da ake gani a kashi ko a wando. Ƙwayar albendazol ɗaya ba ta fitar da ita, farazikwantal ko niklosamayid ake ba da wa. Akwai 'yar uwarta ta alade, kuma kada wani ya ce ai shi ba ya ci. In ƙwanta ya shiga bakin mutum daga hannun mai ɗauke da ita, 'ya'yan kan kwanta a ƙwaƙwalwa su haddasa farfaɗiya, ko da bai taɓa ɗanɗana naman ba. Su kuma ƙananan fararen nan masu sa yaro sosa dubura da dare, daga hannu zuwa baki suke yawo a cikin gida, don haka gidan gaba ɗaya ake ba wa magani, a maimaita bayan mako biyu, a wanke zannuwan gado.

Tsagiya

Wannan ce ta sa na ɗauki alƙalami. Na tashi a garin da ake noman rani, kuma a zamaninmu in an taso daga makarantar allo da hantsi, bakin kwalbatin ruwa muke nufa. A tuɓe riga, a faɗa, a yi ta iyo har ido ya yi ja. Ina tuna yadda za mu jeru a jikin wani tsohon gini mu yi fitsari, ɗigon ƙarshe ya fito ja kamar an tsoma zoɓo, ya bar alama a bango. Ba wanda ke jin tsoro. Manyan cikinmu cewa suke alamar an fara zama namiji ce, wanda nasa bai yi ja ba ma har tsokanarsa ake. Da na gaya wa kakata, cewa ta yi, "Ɗan nan, rana ce ta dake ka, ka daina yawo a cikinta," ta jiƙa mini tsamiya. Da zuciya ɗaya ta faɗa, abin da ta taso ta ji ke nan. Shekaru bayan haka wani daga cikin abokan wasan namu ya yi ta jinyar mafitsara, kuma sai a lokacin na fahimci abin da muke yi wa dariya.

Likitan Jamus Theodor Bilharz ne ya fara ganin tsutsar a Alƙahira a 1851, shi ya sa ake kiran cutar bilhaziya. Amma ta daɗe kafin shi, don an samu ƙwanta a jikin busassun gawarwakin Misirawan zamanin Fir'auna. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2021 fiye da mutum miliyan 250 ne ke buƙatar maganinta, mafi yawansu a Afirka, kuma Najeriya ce ke kan gaba a yawan masu ita.

Ga yadda take zagayawa. Mai cutar ya yi fitsari ko kashi a cikin ruwa ko a bakinsa. Ƙwan ya fashe, wata 'yar halitta ta fito tana neman wani irin ƙaramin dodon koɗi na ruwa, irin wanda ke manne a ciyayi da ganyen bado inda ruwa ba ya gudu sosai. In ba ta same shi ba cikin sa'o'i, ta mutu. In ta same shi, a cikinsa take ninkuwa, bayan mako huɗu zuwa shida ya fara sako dubban 'ya'ya masu wutsiya waɗanda ido ba ya gani. Sun fi fitowa da tsakar rana, daidai lokacin da zafi ke kora yara cikin ruwa. Ba sai an sha ruwan ba. Fata suke hudawa cikin mintuna, ta ƙafar manomin shinkafa, ta hannun mai wanki, ta jikin masunci ko mai haƙar yashi. Daga nan su girma a jijiyoyin jini, namiji ya rungume mace, su zauna a haka shekaru suna zuba ƙwai.

Tsutsar da kanta ba ita ke yin ɓarnar ba, ƙwan ne. Ƙwan nau'in da ke zama a jijiyoyin mafitsara yana da ƙaya a gindinsa, da ita yake keta bangon mafitsara don ya fita, jinin da muke gani ke nan. Amma da yawansu ba sa samun fita. Sai su maƙale a tsoka, jiki ya yi ta yaƙi da su yana gina tabo a kansu. Shekara goma, ashirin, mafitsara ta yi tauri, hanyar da fitsari ke saukowa daga ƙoda ta ƙuntata, ƙodar ta kumbura ta lalace. An tabbatar wannan nau'in yana jawo sankarar mafitsara. Abin da ke yaudarar mutane shi ne jinin yakan ragu ko ya ɗauke da kansa in yaro ya girma, sai a ce ya warke, alhali aikin na ci gaba a ciki. Ɗaya nau'in kuma a jijiyoyin hanji yake zama, ƙwansa na tafiya hanta. Ƙarshensa hanta ta ƙanƙance da tabo, saifa ta kumbura, ciki ya cika da ruwa, wata rana mutum ya yi aman jini. A ƙauye sai a ce sammu ne.

Akwai ɓangaren da ba a cika faɗa ba, kuma ya kamata a faɗa. A jikin mace ƙwan yana maƙalewa a mahaifa da bakinta da farji. Yana kawo ƙaiƙayi, da zubar ruwa, da jini bayan saduwa, da ciwon mara, har da rashin haihuwa ko ciki a wajen mahaifa. An ƙiyasta mata da 'yan mata kimanin miliyan 56 ne ke da wannan a Afirka kudu da Sahara. Alamominsa sun yi kama da na ciwon sanyi, don haka sai a yi ta ba ta maganin sanyi ba sauƙi. Ka yi tunanin yarinyar da ba ta yi aure ba, ko amaryar da aka fara yi wa kallon zargi, alhali laifinta kawai ta yi wanki a rafi tun tana 'yar shekara bakwai. Duk ma'aikacin lafiyar da ke aiki a garin da ke bakin ruwa, in mace ta zo da waɗannan alamomi, ya kamata tambayarsa ta haɗa da, "Baiwar Allah, a ina kike wanki da wanka?"

Abin takaicin shi ne cutar tana bin alherinmu ne. Duk inda aka tare ruwa don noma, an gina wa dodon koɗin gida. Haka aka gani a gonakin Jazira na Sudan, haka aka gani a tafkin Bolta na Gana bayan an gama madatsar Akosombo a 1965. A Senegal, bayan an kammala madatsar Diama a 1986, nau'in hanji ya ɓarke a yankin Richard-Toll inda a da ba a san shi ba. Mu ma muna da Tiga da aka gama a 1974 da magudanan da ke kai ruwanta Kura da Bunkure da Garun Malam, muna da Bakolori, ga bakin tafkin Cadi. Ba mai hankalin da zai ce a fasa noman rani, da shi ake ci ake sha. Amma an kawo ruwan gona ba a kawo na wanka da wanki ba, kuma ba a gina masai a bakin gonakin ba.

Maganinta farazikwantal ne, wanda kamfanonin Jamus suka samar a shekarun 1970. Miligiram 40 ga kowane kilo na nauyin mutum, sha ɗaya. Da yake ba kowace makaranta ke da sikeli ba, sai aka ƙirƙiro sandar awo mai zane-zane: yaro ya tsaya a jikinta, inda kansa ya kai shi ke nuna ƙwaya nawa zai sha, daga ɗaya zuwa biyar, kowace mai miligiram 600. Kamfanin Merck na Jamus yana bayar da har ƙwaya miliyan 250 a shekara kyauta. Ƙwayar babba ce, ga ɗaci, kuma in aka sha ta da yunwa tana sa jiri da amai da murɗar ciki, musamman ga wanda tsutsarsa ke da yawa. A nan ake samun matsala. Yaro ya fito gida ko koko bai sha ba, a ba shi ƙwaya uku, ya faɗi yana amai, kafin azahar labari ya cika gari cewa an ba yara guba. Shekara mai zuwa iyaye su hana. Ba na ganin laifin iyayen. Wanda ya tsara rabon magani bai tsara abin da yara za su fara sa wa a ciki ba, shi ya bar aikin a rabi.

Maganin yana da iyaka biyu. Yana kashe manyan tsutsotsi, amma ƙananan da suka shiga cikin makonnin baya-bayan nan suna tsira, shi ya sa likita kan ce a maimaita bayan 'yan makonni. Na biyu, ba ya goge tsohon tabo. In aka sha da wuri mafitsarar yaro tana komawa daidai, in aka bari ta yi tauri, sai dai a hana ƙari. Kuma washegarin shan maganin, in yaron ya koma ruwan, zagayen ya fara sabo.

Japan ta yi fama da irin tata tsagiyar, kuma ba da ƙwaya kaɗai ta rabu da ita ba. A yankin Yamanashi sun shafe magudanan gonaki da siminti, sun yaƙi dodon koɗin shekara da shekaru, sun gyara makewayi, har aka ayyana ƙarshen cutar a can a 1996.

Wadda aka kora ba da magani ba

Matasan yanzu da yawa ba su taɓa ganin kurkunu ba, alhamdu lillahi. Ni na gani a ƙafar wani dattijo maƙwabcinmu. Ƙafar ta kumbura ta yi ƙurji kusa da idon sawu, farin zare ya leƙo, ya naɗe shi a jikin tsinke. Kullum da safe sai ya murza tsinken kaɗan, ya ja ɗan abin da bai fi gaɓar yatsa ba, ya tsaya, don in ta tsinke a ciki ƙafar ruɓewa za ta yi. Makonni ya yi a kan tabarma, damina na wucewa, gonarsa ta cika da ciyawa. Tsutsar takan kai mita guda, kuma shekara take yi a jiki kafin ta fito. Zafinta kamar wuta ne, shi ke sa mutum ya tsoma ƙafar a tafki don ya ji sanyi, ita kuma da ta ji ruwa sai ta saki 'ya'yanta. Wasu ƙananan ƙwarin ruwa su haɗiye su, mai ɗiban ruwa ya sha ƙwarin.

A 1986 an ƙiyasta mutum miliyan 3.5 ke kamuwa da ita a shekara a ƙasashe 21 na Afirka da Asiya. Ƙidayar da aka yi a Najeriya a ƙarshen shekarun 1980 ta gano fiye da mutum 650,000. Har yau ba ta da magani, ba ta da rigakafi. Abin da aka yi shi ne aka raba ƙyallen tace ruwa, aka haƙa rijiyoyin burtsatse, aka zuba maganin kashe ƙwarin a tafkuna, aka sa mutum ɗaya a kowane ƙauye yana lura, aka hana mai ƙurji shiga ruwa. Tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter da cibiyarsa suka ja gaba, a nan gida kuma Janar Yakubu Gowon ya riƙa shiga ƙauyuka da kansa yana matsa wa hukumomi su samar da ruwa. Najeriya ta ga mai kurkunu na ƙarshe a 2008, aka ba ta shaidar rabuwa da ita a 2013 tare da Nijar, Gana kuma a 2015. A 2024 mutum 15 kacal aka samu a duk duniya, dukansu a Cadi da Sudan ta Kudu. Abin da ya rage mai wuya shi ne ana samunta a jikin karnuka, musamman a bakin kogin Shari a Cadi.

Wannan kwatancin ne ya tsaya mini a rai. Tsagiya tana da magani mai kyau, mai araha, ana ma bayar da shi kyauta, amma tana nan daram. Kurkunu ba shi da ko ƙwaya ɗaya, amma an kusa shafe shi daga doron ƙasa. Gaskiya ne kurkunu ya fi sauƙin tarewa, tunda sai an sha ruwan, kuma ƙyalle yana tace shi, alhali tsagiya taɓa ruwan kawai ya isa. Amma akwai wani bambancin. Da yake kurkunu ba shi da magani, ba wanda ya samu damar raba ƙwaya ya rubuta rahoto ya tafi. Dole aka tsaya a bakin tafkin.

Ba ina rage darajar magani ba ne, don akwai inda shi ne ya yi aikin. Makantar rafi tsutsa ce da wani ƙaramin baƙin ƙuda mai hayayyafa a ruwa mai gudu yake sa wa mutum. Manyan suna kwanciya a ƙulli a ƙarƙashin fata shekara 10 zuwa 15, 'ya'yansu na yawo a fata suna sa ƙaiƙayi mai hana barci, har su shiga ido. Ibamektin yana kashe 'ya'yan ne kawai, don haka sai an sha kowace shekara har iyayen su mutu da tsufa. Kamfanin Merck na Amurka yana bayar da shi kyauta da sunan Mectizan tun 1987, kuma William Campbell da Satoshi Omura da suka gano shi sun samu lambar Nobel a 2015. Da shi da feshin kashe ƙudan, a watan Janairun 2025 Nijar ta zama ƙasar Afirka ta farko da aka tabbatar ta rabu da cutar. Tundurmi da yawancin gwaiwar da ake gani a yankunan da cutar take kuwa sauro ne ke kawo tsutsarsu, ta toshe magudanan ruwan jiki. Ibamektin da albendazol sau ɗaya a shekara, aƙalla shekara biyar, suna yanke yaɗuwarta, kuma an yi nasarar haka a jihohin Filato da Nasarawa. Ƙafar da ta riga ta kumbura ba ta sacewa da ƙwaya, wanki da sabulu kullum da ɗaga ta ne ke rage mata, gwaiwa kuwa tiyata ce mai sauƙi. Ibamektin ba na mai ciki ba ne, ba na yaron da bai kai kilo 15 ba ne, kuma a wasu dazuzzukan Kamaru inda ake da wata tsutsar mai ratsa ido, shansa ba gwaji yana iya taɓa ƙwaƙwalwa. Na dabbobi da ake sayarwa a kasuwar shanu kuwa, na dabbobi ne.

Ga macijin ciki da mai ƙugiya da tsila da tsagiya, duka huɗun ta hanya ɗaya suke fita daga mutum zuwa wani: bayan gida da fitsari a fili. Ƙididdigar gwamnati ta 2021 ta nuna kimanin mutum miliyan 48 ke yin bayan gida a fili a Najeriya. An ƙaddamar da gangamin hana hakan a 2019 da burin gamawa a 2025, kuma a 2022 Jigawa ta zama jihar farko da aka ayyana ta kai ga haka. Masai mai murfi a gida da kasuwa da tasha da makarantar allo da bakin gona, a wajena aikin lafiya ne daidai da gina asibiti. Kashin jariri ma da ake ɗauka ba shi da komai a watsa a bayan ɗaki, masai ya kamata ya tafi.

Kafin a kai can, akwai abin da gida zai iya. 'Ya'yan tsagiya ba sa wuce kwana biyu a ruwa in ba su samu fata ba, don haka ruwan rafin da aka ɗebo aka ajiye a randa ko baho kwana biyu ya yi wanka da wanki, ko kuma a tafasa shi. Na sha dai sai an tace an tafasa. Yaron da aka ga ja a fitsarinsa, ko sau ɗaya ne, asibiti za a kai shi, kuma fitsarin da aka tara tsakanin ƙarfe 10 na safe da 2 na rana ya fi nuna ƙwan a gwaji. A gaya wa ma'aikacin lafiya ruwan da yaron ke shiga. Tun 2022 shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya kan shan farazikwantal ta haɗa da manya da yara daga shekara biyu da masu shayarwa da masu cikin da ya wuce wata uku, kuma an riga an samar da ƙaramar ƙwaya mai narkewa a baki, mai ƙarancin ɗaci, don ƙananan yara. Ranar da za a raba maganin a makaranta, a tabbata yaro ya ci tuwo ko ɗumame ya ƙoshi kafin ya fita.